Tambayoyi da Amsoshi Kan Auna Sinadaran Wari a Fitsarin Ɗan Adam

Tambayoyin da ke ƙasa sun fi fitowa daga bakin mutane iri uku: wanda warin jikinsa ko na fitsarinsa ya dame shi har ya fara gudun shiga jama'a, da uwar da ta ji wani baƙon wari a ƙunzugun jaririnta, da ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje da aka ba shi bincike a wannan fanni. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, an kuma sa musu lamba domin wata amsar takan tura mai karatu zuwa wata.

1. Me ke sa fitsari wari tun asali?

Kusan kashi 95 cikin 100 na fitsarin mai lafiya ruwa ne, sauran kuma yuriya ce da gishiri da kiriyatinin da tarin ƙananan sinadarai da ƙoda ta tace daga jini. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Albata da ke Kanada sun lissafa sinadarai fiye da 3,000 da ake iya samu a fitsarin ɗan adam, amma kaɗan ne daga cikinsu ke iya tashi sama su isa hanci. Sinadari ba ya yin wari sai ya kasance mai sauƙin tashi cikin iska, kuma hancin mutum yana da abin da zai kama shi da shi.

Zarnin da aka sani a makewayi ba shi ne warin sabon fitsari ba. Yuriya ba ta da wari, amma idan fitsari ya jima a waje, ƙwayoyin bakteriya sukan farfasa ta su fitar da amoniya, wadda ita ce ke sukar hanci. Sabon fitsari warinsa ba shi da ƙarfi, kuma ya haɗa abubuwa da dama: sinadarai masu ɗauke da farar wuta, da irin su indol da sikatol da para-kiresol waɗanda ƙwayoyin hanji ke samarwa daga furotin, da ragowar ƙamshin abin da aka ci ko aka sha.

2. Mene ne bambanci tsakanin sinadarin wari da abin da jiki ya juya shi ya zama?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suka rataya a kanta. Idan sinadari mai wari ya shiga jini, ko daga abinci ko daga hanji ko ta numfashi, hanta ba ta barinsa yadda ya zo. Wani lokaci takan ƙara masa iskar oksijin, wani lokaci kuma ta ɗaure shi da wani sinadarin, kamar asid ɗin gulukuronik ko salfet ko gilaisin. Abin da ya fito daga wannan aiki shi masana ke kira metabolait, a nan kuma za mu riƙa ce masa juyayyen sinadari. Yawanci ya fi na asali nauyi, ya fi shi narkewa a ruwa, ba ya tashi sama, saboda haka ba ya wari, kuma ƙoda tana fitar da shi cikin sauƙi.

Ma'anar wannan ita ce, abin da hanci ke ji a fitsari ɗan ƙaramin kaso ne da ya kuɓuce wa hanta, mafi yawa kuwa yana nan cikin kwalbar a ɗaure, shiru. Wanda ya auna sakakken sinadari kaɗai bai ga rabin labarin ba. A gwaje-gwaje da yawa ma ba yawan sinadarin ake nema ba, a'a, ana so ne a san kashi nawa hanta ta juya, kashi nawa ta bari, kamar yadda za a gani a tambaya ta 9.

3. Tun da hanci yana jin wari, me ya sa sai an kai ga na'ura?

Bai kamata a raina hanci ba, domin cututtuka da dama shi ya fara nuna su. A shekarar 1934 a birnin Oslo na ƙasar Nowe, wata uwa ce ta matsa cewa 'ya'yanta biyu masu naƙasar ƙwaƙwalwa suna da wani wari na daban, har likita Asbjørn Følling ya ɗiga sinadarin ferik kulorayid a fitsarinsu ya ga ya koma kore, daga nan aka gano cutar PKU, wata cutar gado da jiki ke kasa sarrafa wani sinadari na furotin. Sai dai hanci yana nuna hanya ne kawai, ba ya ba da adadi. Yana saurin sabawa, shi ya sa mai wari sau da yawa ba ya jin warin kansa. Mutane sun bambanta ƙwarai wajen ji, har akwai waɗanda a halittarsu ba sa jin wasu sinadarai ko kaɗan, ciki har da mai ƙarnin kifi. Ga shi kuma juyayyun sinadarai ba su da wari, hanci ba shi da hanyar sanin suna nan.

A shekarar 1971 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka sun bi tururin fitsari da na'urar rarrabe iska, suka ƙidaya sinadarai kusan 280 a cikinsa. Babu hancin da zai iya tsefe wannan tari ya ce ga wanda ya ƙaru, ga wanda ya ragu.

4. Gwajin fitsarin da aka saba yi a asibiti yana nuna waɗannan sinadarai?

A'a. Tsinken da ake tsomawa a fitsari yana nuna sukari, da furotin, da jini, da alamun ƙwayoyin cuta, da tsamin fitsarin, da sinadaran kiton da jiki ke samarwa idan yana ƙona kitse. Yana da amfani wajen kawar da dalilan wari na yau da kullum, wato ciwon sanyin mafitsara, da ciwon sukari, da ƙarancin ruwa a jiki, kuma da shi ya kamata a fara. Amma mutum zai iya samun sakamako mai kyau a wannan gwajin alhali yana da cutar da aka yi bayani a tambaya ta 8. Ko kiton ɗin ma ba duka tsinken ke kamawa ba: yana ganin asetoasetet, ba ya ganin beta-haidiroksibutiret, wanda shi ya fi yawa idan ciwon sukari ya yi tsanani.

5. Da wace na'ura ake aunawa, kuma yaya take aiki?

Ga sinadarai masu tashi sama, na'urar da aka fi dogara da ita ita ce GC-MS, wadda na'urori biyu ne aka haɗa. Ana zuba fitsari kaɗan a 'yar kwalbar gilashi, a toshe ta da murfi mai roba, a ɗumama, sai sinadaran wari su taru a sararin da ke saman ruwan. Daga nan ko a zuƙi wannan iskar da allura, ko a saka wani siririn zare mai rufi na musamman ya tsotse sinadaran, dabarar da Janusz Pawliszyn ya ƙirƙiro a Jami'ar Watalu ta Kanada wajen shekarar 1990. Na'ura ta farko tana tura abin da aka ɗebo cikin wani bututu mai tsawon kusan mita 30 wanda faɗin cikinsa bai wuce rubu'in milimita ba, iskar hiliyam na kora shi. Kowane sinadari da irin saurinsa, sai su fito ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ta biyu tana farfasa kowanne ta auna nauyin gutsattsarinsa, wanda shi ne kamar zanen yatsarsa.

Akwai wani salo da ya fi burge ni, domin ya mayar wa hanci da matsayinsa. A ƙarshen bututun ana raba iskar gida biyu, rabi ya tafi wurin na'ura, rabi ya fito ta wani ɗan mazurari inda wani horarren mutum ke zaune da hancinsa a kai, yana faɗin abin da ya ji a kowane lokaci: wannan ƙauri ne, wannan kamar dafaffen kabeji, wannan kamar garken dabbobi. Da wannan salo Maria Wagenstaller da Andrea Buettner a Jami'ar Erlangen ta Jamus suka bi fitsarin masu lafiya a 2013, kuma amfaninsa shi ne wani sinadarin da bai fi ɗigo ba a idon na'ura yana iya zama shi ne ya mamaye warin gaba ɗaya.

Juyayyun sinadarai da ba sa tashi sama ana auna su da LC-MS/MS, inda ruwa ne ke kora samfurin maimakon iska, ko da na'urar NMR wadda ke amfani da maganaɗisu mai ƙarfi. Kowace hanya aka bi, ɗakin gwaji na kirki yakan zuba wa samfurin wani sanannen adadi na tagwayen sinadarin da ake nema, wanda aka ɗan ƙara wa nauyi da diyuteriyam ko kabon-13, wato nau'o'in haidirojin da kabon masu ɗan ƙarin nauyi. Duk abin da ya salwanta a hanya, tagwayen ma ya salwanta daidai da shi, sai a gyara lissafi da wannan.

6. Yaya ake auna sinadarin da hanta ta ɗaure?

Hanya biyu ce. Ko a auna shi a ɗauren da LC-MS/MS, ko a kwance shi. Don kwancewa ana raba fitsarin kashi biyu. Kashi na farko a auna shi yadda yake. Na biyu a zuba masa inzayim, wato sinadarin halitta da ke hanzarta haɗa ko raba wasu sinadarai, mai suna beta-gulukuronides, wanda ake samowa daga bakteriyar E. coli ko daga wani irin dodon koɗi na Turai, a ajiye shi a zafin digiri 37 na wasu sa'o'i, inzayim ɗin ya tsinke ɗaurin. Idan aka debe adadin farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne wanda yake a ɗaure. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar da aka yi wa wannan aiki ya san warinta ya ninka na ɗanyen samfurin, kuma a aikin Erlangen da aka ambata a tambaya ta 5, sinadaran wari da aka gano bayan kwancewa sun fi na kafin kwancewa yawa.

Wannan yana bayyana wani abu da masu jinya suka sani: fitsarin mai ciwon sanyin mafitsara yakan yi ɗoyi tun yana sabo. Wasu ƙwayoyin, kamar Proteus, suna farfasa yuriya tun cikin mafitsara, wasu kuma suna ɗauke da irin wannan inzayim mai kwance ɗauri.

7. Abin da na ci zai iya sauya sakamakon?

Ƙwarai kuwa, kuma cikin ɗan lokaci. Wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa, bayan sa'a ɗaya zuwa biyu za a ga sinadarin alil metil salfaid a fitsarinsa, shi ne mai warin, tare da juyayyunsa guda biyu da hanta ta ƙara wa oksijin, waɗanda sun fi shi yawa amma ba su da wari. Kofi yana ƙara gwayakol da 'yan'uwansa, akasarinsu a ɗaure. Mintin da ke cikin alewa da man goge baki yana fita a matsayin mentol gulukuronaid. A Turai da Amurka misalin da aka fi kawowa shi ne ganyen asfaragas, wanda ke sa fitsari warin farar wuta cikin rabin sa'a, kuma tun 1891 Marceli Nencki ya danganta warin da sinadarin metantayol.

A wurinmu abin da ya fi muhimmanci shi ne hulba. Tana ɗauke da sinadarin sotolon, mai ƙarfin ƙamshi ƙwarai, wanda ke ratsa jiki ya fito a gumi da fitsari. Matan da ke shan hulba don ƙarin ruwan nono ko ƙiba sun san wannan ƙamshi a tufafinsu. Dalilin da ya sa lallai a faɗa wa likita idan ana shan ta yana cikin tambaya ta 12.

8. Mece ce cutar ƙarnin kifi da ake yawan ambata a wannan fanni?

Sunanta a likitance tirimetilaminuriya, a taƙaice TMAU. Ƙwayoyin hanji suna samar da sinadarin tirimetilamin, wato TMA, daga wasu sinadarai da ke cikin abinci: kolin da kanitin da kuma TMAO, wanda ya fi yawa a kifin teku. TMA shi ne ƙarnin ruɓaɓɓen kifi, kuma yana zama iska tun a zafin digiri 3. A jikin yawancin mutane wani inzayim na hanta mai suna FMO3 yana ƙara masa oksijin ya koma TMAO, wanda ba shi da wari. Idan inzayim ɗin ya yi rauni, TMA yakan taru ya fita ta gumi da numfashi da fitsari. An fara bayyana cutar a 1970 a mujallar likitanci ta Lancet, a jikin wata yarinya 'yar shekara 6 a Amurka, sannan a 1997 aka gano kuskuren da ke cikin ƙwayar halittar FMO3.

Nau'in da ake gada sai an samo shi daga uwa da uba duka. Idan kowannensu yana ɗauke da kwafi ɗaya mai rauni, su kansu yawanci lafiya lau suke, amma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, irin lissafin da muka saba ji game da sikila, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar kwafin biyu. Akwai kuma nau'in da ba gado ba, wanda ke zuwa daga ciwon hanta, ko yawaitar ƙwayoyin hanji, ko shan ƙarin kolin da kanitin da yawa, da wanda ke zuwa ya wuce a lokacin al'ada ko a ƙuruciya.

Cutar ba ta kisa, amma tana rusa rayuwa. Yaro ya daina zuwa makaranta saboda tsokana, budurwa ta yi wanka sau biyar a yini ana ce mata ƙazama, magidanci ya riƙa tsayawa a sahun ƙarshe a masallaci. Warin yana zuwa yana tafiya, don haka ranar da aka je asibiti likita zai iya cewa bai ji komai ba. A wani bincike da Cibiyar Monell ta Filadelfiya ta wallafa a 2011, cikin mutum 353 da suka zo da ƙorafin warin da aka rasa dalilinsa, kusan kashi ɗaya bisa uku gwaji ya nuna suna da TMAU. Wannan adadi kaɗai ya isa ya sa a daina sallamar irin waɗannan mutane da cewa su je su ƙara sabulu.

9. Yaya ake gwajin TMAU, kuma yaya ake karanta sakamakon?

Ana auna TMA da TMAO a samfuri guda. A tsohuwar hanya da har yanzu ake amfani da ita, ana zuba wa fitsarin sinadari mai kaifin kanwa don TMA ya tashi sama a auna shi, sannan a ɗauki wani kason a zuba masa gishirin titaniyam wanda ke mayar da TMAO ya koma TMA, a sake aunawa a sami jimilla. NMR da LC-MS/MS kuwa suna ganin biyun a lokaci guda. Abin da ake dubawa shi ne kason TMA a cikin jimillar. Ƙasa da kashi 10 cikin 100 lafiya ne, daga 10 zuwa 39 ana ɗaukarsa mai sauƙi, daga 40 zuwa sama mai tsanani. A misali, idan takarda ta nuna TMA 12 da TMAO 388, jimilla 400 ke nan, kason TMA kashi 3 ne, hanta tana aikinta. Idan kuwa TMA 180 ne TMAO 120, kason ya kai 60.

Saboda masu nau'i mai sauƙi sukan fito lafiya idan ba su ci abin da zai tayar da cutar ba, ana yawan ɗora wa jiki kaya kafin a tara fitsari: ko a ba mutum kolin da aka auna, ko ya ci kifin teku kamar giram 300, sannan a tara fitsarin sa'o'in da suka biyo baya. A lura, kifin teku ake nufi, irin na ƙanƙara da ake shigowa da shi, domin tarwaɗa da karfasa da sauran kifin ruwan daɗi ba su da TMAO da yawa. Ana so a yi gwajin sau biyu a ranaku daban-daban, kada mace ta yi shi gab da al'ada ko a cikinta, kuma a tabbatar babu ciwon sanyin mafitsara ko na farji, domin ƙwayoyinsu suna samar da TMA da kansu. Idan sakamako ya nuna cutar, gwajin ƙwayar halittar FMO3 shi ke tabbatar da ko ta gado ce.

10. Yaya ake tara fitsarin da adana shi don kada ya lalace?

A nan yawancin gwaje-gwaje ke mutuwa tun kafin su isa na'ura. Na sha ganin an kawo samfuri cikin gorar lemo da aka ɗauraye, an yi fitsarin tun asuba, an sako shi a leda cikin adaidaita-sahu, sai bayan azahar ya iso, gorar ta yi ɗumi, rabinta iska ce, ana buɗewa zarni ya cika ɗaki. Irin wannan samfuri ba abin da zai faɗa sai ƙarya. Sinadarai masu tashi sun gudu zuwa sararin gorar, ƙamshin lemon ya shiga ciki, ƙwayoyin bakteriya kuma sun yini suna mayar da TMAO zuwa TMA, sai mai lafiya ya fito kamar mai cuta.

A karɓi kwalba daga ɗakin gwajin, a wanke gaba da ruwa zalla ba tare da sabulu mai ƙamshi ba, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya, a cika kwalbar don kada iska ta yi yawa a sama, a rufe gam. Don gwajin TMA ana zuba asid ɗin haidirokulorik har tsamin ya kai kusan pH 3, abin da ke riƙe TMA cikin ruwan ya kuma hana ƙwayoyi aiki, kuma ma'aikacin ɗakin gwaji ne zai yi wannan, ba mai samfurin ba. Daga nan a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, ko 80 idan zai jima. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa a tambayi yadda firjin yake kwana, domin samfurin da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa yana asarar sinadaransa. Gwajin nan ba kowane asibiti ke yinsa ba, akasari aika samfurin ake yi zuwa ɗakin gwaji na musamman, don haka a shirya yadda zai yi tafiyar a daskare kafin a tara shi.

Idan fitsarin sa'a 24 aka nema, a zubar da na farkon safiya, a rubuta lokacin, a tara duk wanda ya biyo baya har da na farkon safiyar gobe, jarkar tana cikin sanyi.

11. Me ya sa ake rubuta sakamako a kan kiriyatinin?

Saboda yawan ruwan fitsari ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai azumi a watan Afrilu fitsarinsa na la'asar ya yi kauri ya yi ja, bayan buɗa-baki kuma ya tsinke kamar ruwa, alhali abin da jikinsa ke fitarwa bai sauya haka ba. Kiriyatinin yana fitowa daga tsoka kusan daidai wa daida kowace rana, sai a raba adadin sinadarin da nasa don a cire tasirin ruwa. A gwajin ma'aikata, samfurin da kiriyatinin ɗinsa ya gaza giram 0.3 ko ya haura giram 3 a lita ana ƙin karɓarsa, a nemi wani. Kason da aka yi bayani a tambaya ta 9 bai damu da wannan ba, tunda TMA da TMAO ruwa ɗaya ya tsinka su.

12. Jaririna yana wani wari na daban. Yaushe abin ya zama na gaggawa?

Idan warin ya zo tare da ƙin kama nono, ko amai, ko yawan barci da sanyin jiki, ko sandarewa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gwajin wari. Akwai cutar gado mai suna MSUD, wadda John Menkes da abokansa suka bayyana a 1954, inda jiki ke kasa sarrafa amino asid, wato tubalan da ke gina furotin, guda uku: lusin da aisolusin da balin. Turawa sun kwatanta warin da zumar itacen mafal ta Kanada, amma a hancin Bahaushe ƙamshin hulba ne ko ƙonannen sukari, domin sinadarin guda ne, sotolon. Jaririn yakan zo lafiya, cikin kwanakin farko ya fara sanyi, kuma akan ji ƙamshin a dattin kunnensa tun kafin a ji shi a fitsari. Cutar ba ta da yawa, kusan haihuwa ɗaya cikin 185,000 a duniya, amma jinkirin kwanaki kaɗan yana lalata ƙwaƙwalwa. An kuma sha samun jarirai masu lafiya da aka zarga da ita saboda an ba su hulba ko uwar ta sha, shi ya sa hukunci yana hannun gwajin amino asid na jini, musamman alo-aisolusin.

Cutar PKU da aka ambata a tambaya ta 3 warinta kamar na ɓera ne ko ɗakin da ya daɗe a rufe, daga asid ɗin fenil-asetik. Wata kuma, aisobalerik asidemiya da aka gano a 1966, warinta na ƙafar da ta yini cikin takalmi ne. A wannan ba asid ɗin mai warin ake nema a fitsari ba, ana neman aisobaleril-gilaisin, wato ɗaurarrensa, domin shi yana nan kullum ko a ranar da yaron ba ya wari.

13. Ina aiki da fetur, ko fenti, ko turare. Fitsari zai nuna abin da nake shaƙa?

Zai nuna, kuma wannan na daga cikin tsofaffin amfanin wannan ilimi. Benzin da ke cikin fetur, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, yana fita a matsayin asid ɗin fenil-makafcurik da asid ɗin mukonik. Toluwin da ke cikin tina da gam yana komawa asid ɗin hifurik da oto-kiresol, zailin da ke cikin fenti kuma ya koma metil-hifurik. Ana ɗaukar samfurin a ƙarshen aikin yini, domin waɗannan ba sa kwana da yawa a jiki. Mai sayar da fetur a galan a bakin titi, da mai fentin mota, da mai haɗa takalma a ɗaki marar taga, su ne suka fi cancantar wannan gwaji. Sai dai a kula da abinci: sinadarin benzowet da ake adana lemon kwalba da shi yana ƙara hifurik, sobet, shi ma sinadarin adana abinci ne, yana ƙara mukonik, don haka fenil-makafcurik da oto-kiresol sun fi zama abin dogaro.

Turaren zamani ma haka ne. A Jamus an bi sinadarin ƙamshi mai suna Lilial ta hanyar juyayyensa a fitsarin jama'a, kuma Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun watan Maris na 2022.

14. Gaskiya ne ana gano kansa ta warin fitsari?

Ana bincike a kai, amma bai zama gwajin asibiti ba. A 2004 mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta wallafa aikin da aka horar da karnuka shida su zaɓo fitsarin mai kansar mafitsara daga cikin samfuri bakwai. Sun dace a kashi 41 cikin 100, inda cinke kawai zai ba da kashi 14. Wannan ya nuna akwai wani abu a warin, amma bai kai a gina magani a kansa ba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa likita zai nufa kai tsaye.

15. Gwaji ya ce lafiyata ƙalau, amma har yanzu ana ce mini ina wari. Sai yaya?

Da farko a duba yadda aka yi gwajin: an ɗora kolin ko kifi kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 9, an maimaita, an adana samfurin yadda tambaya ta 10 ta nuna? Gwaji ɗaya da aka yi a ranar da babu wari bai isa ya rufe magana ba. Idan duk an cika waɗannan, a tuna ba kowane wari ke bi ta fitsari ba. Warin baki yawanci daga harshe da dasashi yake, hamamin hammata daga ƙwayoyin fata, zarnin mai yoyon fitsari kuwa amoniya ce daga tufafin da suka jiƙe, maganinsa aikin gyara ne a asibiti. Ciwon hanta da na ƙoda su ma suna da warinsu, kuma gwajin jini ke nuna su. Akwai kuma wanda tsoron wari ya kama shi alhali makusantansa masu gaskiya ba sa jin komai. Wannan ma ciwo ne na gaske mai magani, kuma zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa dominsa ba abin kunya ba ne.

16. Idan an tabbatar da TMAU, gwajin yana da sauran amfani?

Yana da shi, domin da shi ake gane ko matakan da aka ɗauka suna aiki. Babu maganin da ke gyara inzayim ɗin, sai dai a rage masa kaya. Ana barin kifin teku gaba ɗaya, a rage ƙwai da hanta da ƙoda da wake da gyaɗa da waken suya har da awara, da kabeji da danginsa waɗanda ke ƙara danne FMO3. Ana amfani da sabulu mai ɗan tsami, pH 5.5 zuwa 6.5, wanda ke riƙe TMA a fata har a ɗauraye shi. Likita zai iya ba da gawayin magani na kwana 10, ko kulorofilin mai tagulla, ko bitamin B2 wanda ke taimaka wa ragowar inzayim ɗin, ko gajeren zango na maganin kashe ƙwayoyin hanji idan wani muhimmin taro ya gabato.

Bayan 'yan makonni a sake aunawa. Idan jimillar TMA da TMAO ta ragu, sauyin abinci ya yi tasiri. Idan kason TMA ne ya sauka, hanta ce ta ƙara ƙoƙari, kamar yadda ake gani a wasu masu shan B2. Kolin dai jiki yana bukatarsa, ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta ƙaramin yaro ma sun fi bukata, saboda haka mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa kada su rage shi da kansu sai da masanin abinci ya tsara musu abin da za su ci a madadinsa.